Gafarar da Inna Turai Ta Nema

"Bushira, duba mini ko motarsa ce," in ji Inna Turai, tana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi.

Ita ce kuwa. Na leƙa ta zaure na ga Alhaji Abdulhakim yana fitowa, ya tattare babbar riga kada ta taɓa kwata. Ƙofar gidana tana kallon ta Inna a unguwarmu a Safana, kuma ni nake jinyarta tun da ciwo ya kwantar da ita, don ba ta da ɗa a raye. Ita da kanta ta sa aka kira shi.

Ita ta shayar da shi bayan mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwa. Ya girma, ya yi arziki a harkar hatsi a Batsari, bai taɓa daina kiranta Inna ba. Bara, gab da faɗuwar damina, ta je gonar da mijinta ya bar mata a bakin hanya, ta tarar an zagaye ta da turakun siminti. Aka ce mata aikin Alhaji ne. Ta dawo tana faɗa har unguwa ta taru. Da la'asar sai ga shi, ya durƙusa a gabanta har ƙasa.

"Inna, ba ke kika ce in ɗauka in gina ɗakin ajiya ba? Ranar sallah, a ɗakin nan naki."

"Ni? Yaushe ka zo da sallah?"

Ya juyo ya dube mu, idonsa ya kawo ruwa. "Ku yi haƙuri da ita. Tsufa ne."

Daga ranar ya riƙa zuwa da madara da magunguna. Yakan zauna ya ce, "Ai jiya ma na zo, Inna, har kika dama mini fura." Bai zo ba, duk mun sani. Amma mijina Salmanu motarsa ta ɗaukar kaya yake tuƙawa, famfon da unguwa ke sha kuma shi ya haƙa. In ta waiwayo ta ce, "Bushira, ya zo jiya?" sai in ce wataƙila na tafi ɗiban ruwa.

Sannu a hankali mata suka fara shinshina man gyaɗarta kafin su saya, wai ko ta manta ta zuba wani abu. Ta daina sana'ar. Ta daina zuwa suna da biki. In ta haɗu da wadda ta sani tun ƙuruciya, sai ta yi shiru har waccan ta fara gaishe ta, don gudun kada ta kira sunan da ba shi ba a yi mata dariya.

Yanzu ga shi ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma kusa da gadonta. Ƙamshin turarensa ya cika ɗakin.

"Ɗan nan," ta ce, muryarta da ƙyar take fita, "na ɓata maka suna a gaban mutane. Na ce ka ƙwace mini gona. Ka yafe mini kafin in tafi."

"Haba Inna, ai tuntuni ya wuce."

"Faɗa dai in ji da kunnena."

"Na yafe miki duniya da lahira."

Hawaye ya gangaro mata har cikin kunne. Ya riƙe hannunta, ya yi mata addu'a mai tsawo, sannan ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya ya dube ni.

"Kin dai ji da kunnenki, ko? Ki gaya wa Salmanu gobe akwai lodin dawa."

"To, ranka ya daɗe," na ce.

Da ƙarar motar ta yi nisa, Inna ta daɗe tana kallon rufin ɗaki.

"Bushira, abu ɗaya ne ke ɗaure mini kai. Ranar sallar nan ina tuna ta sarai. Tuwon shinkafa na yi, ke kika kawo mini miyar taushe. Ma'u ta shigo da jaririnta ya yi mini fitsari a zane. Komai ina tunawa. Shi kaɗai ne ban tuna ba. Wace irin mantuwa ce wannan?"

Na buɗe baki zan ce mata bai zo ba. Na ji Salmanu a waje yana gaisawa da wani.

"Sha ruwa, Inna," na ce, na tallafo kanta.

Ranar Juma'a da hantsi ta cika. Alhaji ne ya sayi likkafani, shi ya tsaya a sahun gaba, maza suka dawo daga maƙabarta suna faɗin yadda ya yi kuka.

Ranar sadakar uku aka kawo shinkafa da nama daga gidansa. Muka zauna a tsakar gidanta, mu matan da muka taru ranar da ta dawo daga gona.

"Allah Ya ba kowa ɗa irinsa," in ji Ma'u, kanta a sunkuye.

Amin ɗin bai fito sosai ba. Ba wadda ta ɗaga ido ta dubi wata. Na ajiye kwanona a ƙasa ban taɓa ba. Kajin Inna suka fito daga bayan turmi, suka kewaye shi suna tsattsaga, babu wadda ta kore su.