Busar Inna Raƙiya

Aikina a binciken ciwon huhun nan ba wuya gare shi ba. Shi ne in ba wa mutum bututu ya sa a baki, in tsaya a kansa ina kallon fuskarsa, in yi ta daka masa tsawa, "Busa! Busa! Kar ka tsaya!" har na'ura ta auna iskar da ya fitar. Wanda awonsa ya yi ƙasa, sai sunansa ya shiga jerin waɗanda likita zai gani a Tahoua, a ba su maganin shaƙa. Tsawa kuwa Allah ya hore mini ita. Har wani liman na yi wa a Barmou, sai da rawaninsa ya karkace.

Ranar da muka sauka Affala, ina ɗaga kai sai ga Inna Raƙiya, uwar matata Zalika, ta shigo rumfa. Wayyo ni Manzo! Shekara tara da aure ban taɓa haɗa ido da ita ba, ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Ita ma ba ta kama sunana, sai dai "uban Rahinatu". Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa bututu da hannu biyu, na juya fuskata wajen zana.

"Inna, a ɗan busa," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta busa. Iskar ko ashana ba za ta kashe ba. Sau uku haka. Na ce a raina, ai kunya ce, wace tsohuwa za ta kumbura kumatu a gaban surukinta? Na rubuta lambar, na ƙara da cewa ba ta busa da gaske ba, awo bai yi ba. Har daɗi na ji da aka rabu lafiya. Sunanta bai shiga jerin ba.

Bayan wata biyar Zalika ta je ganin gida, ta dawo ranta a ɓace.

"Inna ba ta iya kaiwa rijiya. Salla ma a zaune take yi. Ba kai ka auna ta ba?"

Da safe na sami Madam Na'omi, shugabar ayarinmu, na faɗa mata komai. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai da ke girgiza rumfa da tsawa? Ka duba leɓenta? Ka duba wuyanta?"

Ban duba ba. Zana na duba.

Muka koma Affala. Madam ta shiga da na'ura, ni na tsaya bayan danga. Ina jin ta tana "Busa, Inna, busa!" sai tari ya biyo baya, dogo, irin na wadda ta shekara arba'in cikin hayaƙin kara da kashin shanu. Madam ta fito ta ɗora mini takardu biyu a hannu, tawa da tata. Lambar da na rubuta rannan ta fi ta yau. Ashe ba kunya ba ce. Iyakar numfashinta ke nan ta ba ni, kuma wata biyar ɗin nan ya ci wani abu daga ciki.

Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Aka fito da Inna a hankali za a sa ta a mota zuwa Tahoua. Ta dafa danga, ba ta dube ni ba, tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Madam, ki ce ma uban Rahinatu ya yi hanƙuri. Rannan na yi iya ƙoƙarina, don kar in ɓata mishi aiki."