Koa Ta Amsa Wa Kawu Eusebio

Ƙaron bishiyar pino ya manne a bayan hular Kawu Eusebio, har da wata tururuwa da ta maƙale a ciki. Na gani tun muna hawan dutsen da ke bayan garin Madera, amma ban faɗa ba. Ni ce mai riƙe masa gorar kofi, tun da na gama jami'a na dawo gida.

Kawu ya tsufa yana neman koa, tsuntsuwar nan mai koren baya da jan ciki, bai taɓa sa ta a ido ba. Maƙwabciyarsa Doña Casilda kuwa ta gan ta sau ɗaya, kuma ba ta bari ya manta. Yanzu gwiwoyinsa sun fara ƙi, shi da kansa ya ce wannan ne hawansa na ƙarshe.

A bakin wani kwari ya ciro waya ya kunna kukan koa, abin da kullum yake zagin baƙi a kai. Ya ce in kau da kai. Can sai aka amsa daga ƙetare.

Ya damƙe hannuna. Ya sake kunnawa, aka sake amsawa, har an matso. Muka gangara a duƙe, shi a gaba yana cije leɓe saboda gwiwa, ni ina tare gorar kada ta yi ƙara. Mun zagaya wani ƙaton dutse ke nan muka yi kiciɓis da Doña Casilda, ita ma a duƙe, wayar hannunta na kukan koa.

"Au, Don Chebo, kai ne tsuntsuwar?" in ji ta, da laƙabin da take kiran Kawu. "Na ce wannan koa da tsufa take."

Kawu ya ce ita ta fara. Ta ce ƙarya ne, tun daga gindin dutse take jin numfashinsa. Ya tuna mata wa'azin da take yi wa masu kunna waya, ta tuna masa nasa. Wayoyin biyu na ta kuka, an manta da su.

Ni na ɗaga kai don kunyar kallonsu. A reshen da ke saman mu, ga koa da jan cikinta, ta karkata kai tana neman wanda ya shigo mata gida. Na ja hannun rigar Kawu, ya fizge, na sake ja.

"Mene ne kuma, 'yar nan?"

Na nuna da leɓe.

Bai ma ɗaga madubin hangen nesa ba. Ya zauna a ƙasa a hankali, baki buɗe. Doña Casilda ta ja numfashi, na san akwai wata tsokanar a bakinta. Ta dubi fuskarsa, ta kashe wayarta, ta sunkuya ta kashe tasa, ta bi hanyar gangara tana taka ganye a hankali.