Albashin Ɗan Gida

Tun da Nassirou ya sa tafiya Kanada a ransa, zama ya gagare shi. In yana gida sai ya ce shago zai je, in ya isa shago sai ya tuna akwai abin da bai tambaya ba a wajen masu takardu. Mai walda ne, kuma ƙwararre. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a shagon kawunsa Alhaji Zubairu a Katako cikin Yamai, ƙofofin ƙarfe da yawa da ake gani a Talladjé hannunsa ne.

Wata ranar Talata ya je wajen Madam Latifa, wadda ke da ɗan biro, wato ofis, tana haɗa wa masu neman tafiya dosiyen takardunsu. Ta duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce jarrabawar Faransanci ta yi kyau, sauran ma ba laifi.

"Saura babban," in ji ta. "Shaidar aiki. Wanda ya ɗauke ka ya rubuta aikin da kake yi, awa nawa a mako, da albashin da yake biyanka."

"Kawu ba ya biyana albashi."

Ta cire tabarau ta dube shi. "Shekara goma sha ɗaya kana yi masa kyauta?"

"Ba haka ba ne, Madam. Shi ya yi mini aure. Moto ɗin da na zo a kai, babur ɗin nan, shi ya saya. Shinkafa ba ta taɓa yankewa a gidana ba. Da matata za ta haihu, shi ya tsaya."

"Allah Ya saka masa. Amma mutanen nan aikin albashi suke ƙirgawa. Aikin da ba a biya ka ba, a wajensu ba ka yi shi ba. Kuma ka sani, kowace shekara da ta ƙaru a kanka, makinka raguwa yake yi."

Nassirou ya fito ya hau moto. Maimakon ya miƙe Katako sai ya bi ta bakin kogi, ya zagaya, ya sake komawa hanyar biro ɗin, bai tsaya ba ya wuce. Ya ƙone man da zai ishe shi zirga-zirgar yini biyu ba tare da ya je ko'ina ba.

Da ya isa shago ya tarar da Hasan yana feshin fenti a jikin wata taga. Hasan ɗan haya ne, ana biyansa ƙarshen wata, kuma rabin abin da ya iya a hannun Nassirou ya koya.

"Mutanen Kanada, sannu da zuwa!" in ji Hasan. "An ba ka rigar ƙanƙarar ne?"

Nassirou ya gaya masa yadda suka yi. Hasan ya yi dariya har ya ajiye bututun fenti.

"Ke nan ni da nake bare na fi ka takarda? To ɗan gida, bari in tafi a madadinka, in na isa zan aiko maka hoto." Sai ya rage murya. "Kai ma ka cika wahalar da kanka. Akwai wani a sibar ɗin bayan tasha, shagon kwamfutar nan, ya buga maka takardar har da hatimi, Alhaji bai ma sani ba."

Irin wannan shawara ba ta da wuyar samu a Yamai. Mai ba da ita ba shi ne ake kamawa ba, shi ya sa yake ba da ita da fara'a.

A shagon akwai ƙa'ida wadda ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Da azahar ana kawo kular abinci daga gidan Alhaji, shi da Nassirou su ci a ɗakin ciki. 'Yan haya kuwa su fita bakin titi su sayi dambu da zogale, su zauna a benci. Ranar Nassirou ya jira suka wanke hannu, sannan ya fara.

"Kawu, akwai takardar da nake so ku sa mini hannu."

Ya yi bayani. Alhaji Zubairu ya saurara yana cin abincinsa, bai ɗago ba har sai da ya ji kalmar albashi.

"In rubuta na ɗauke ka aiki?"

"Rubutu ne kawai, Kawu."

"In rubuta ina biyanka ƙarshen wata kamar Hasan?" Ya ture kular. "Ranar da uwarka ta kawo ka daga Maradi, a ƙofar nan ta tsaya ta ce, Yaya, ga ɗanka. Ba ta ce ga ma'aikaci ba. Albashi na bare ne, Nassirou. Wanda kake so ya tafi ranar da kuka ɓata, shi kake yanka wa albashi."

"Su ba su san wannan ba."

"Ni na sani. Na farko, ƙarya ce, ni kuwa ba na sa hannu a kan ƙarya. Na biyu, ko da gaskiya ce, zagi ne. A ce Zubairu ya mai da ɗan ƙanwarsa ɗan haya?"

Nassirou ya miƙe, ya koma ya zauna. "To ku rubuta musu abin da yake gaskiyar."

"Zan rubuta. Zan ce ɗana ne, bai taɓa tambayata ko dala ba, ba a taɓa dawo da aikinsa ba. Duk wanda ya karanta wannan bai ɗauke ka ba, ba shi da hankali."

"Wannan ita ce takardar da za ta kashe ni, Kawu! Da zarar sun ga ba a biya ni ba, shi ke nan."

Abin bai shiga kan Alhaji ba, yadda yabo mafi girma da zai yi wa mutum zai zama abin da za a kore shi da shi. Can ya ce, "Shagon nan wa kake tsammanin zan bar wa?"

"Wane shago? Wuta tana ɗaukewa mu zauna muna kallon juna. Masu gini sun koma sayen ƙofofin da ake shigowa da su a kwantena. 'Yata Samira za ta shiga lakwal baɗi, ga kuɗin makaranta. Ni ba raina alherinku na yi ba, amma shekara goma sha ɗaya, an ce mini yau ba ni da ko ɗaya."

Gaskiya kowa a cikinsu yana da tasa. Tsohon ya riƙe ɗan mutane da amana, amma bai taɓa tunanin wata rana yaron zai buƙaci shaida a gaban waɗanda ba su san Zubairu ba. Shi kuma Nassirou ya ci moriyar zama ɗa tsawon shekaru, yau yana so a rubuta bai taɓa zama ɗa ba.

Alhaji ya wanke hannu ya goge da ƙyalle. "Shekara nawa suke so?"

"Madam ta ce ko ɗaya cikakkiya ana iya farawa da ita. Biyu ta fi."

"To ji. In kana so, daga gobe in ɗauke ka aiki na gaske. In yanka maka albashi, in biya ka ta banki yadda za su gani, in shekara ta cika in rubuta, kuma ba ƙarya a ciki. Amma ba na yin abu rabi da rabi. Ɗan haya ba ya riƙe mabuɗin shago. Ba a kai masa shinkafa gida. Ba ya cin abinci a ɗakin nan. Shagon kuma in nemi wanda zai zauna, tunda kai tafiya za ka yi. Je ka yi tunani."

Nassirou bai iya komawa kan aiki ba. Ya ɗauki injin walda ya ajiye, ya auna ƙarfe ɗaya ya manta awon. Bayan la'asar ya hau moto ya nufi sibar ɗin da Hasan ya kwatanta. Ya tsaya a ƙofa, injin moto yana aiki, yana kallon masu shiga da fita. Ya tuna Madam Latifa ta taɓa ce masa mutanen can sukan kira wanda aka ce ya sa hannu su tambaye shi. Ya san sarai abin da kawunsa zai ce in aka kira shi, kuma da alfahari zai faɗa. Ba tsoron Allah ne ya fara hana shi shiga ba, tsoron wayar ne. Wannan abin kunya ne, amma haka aka yi. Ya juya ya tafi gida.

Matarsa Safiatou tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ya gaya mata duka yana tsaye, yana kai da komo.

"Baban Samira, zauna mana, kana juya mini kai," in ji ta. Ta ɗaga farantin. "Wannan da kake gani daga gidan Kawu ta fito. Kana nufin ita ce ta ƙarshe?"

"Zan saya da albashina."

"In kuma shekara ta cika suka ce ba su ɗauke ka ba fa? Ka rasa can, ka rasa nan."

"Zai iya faruwa."

"Kuma duk da haka?"

"Safiya, yau aka gaya mini ban taɓa yin aiki ba. Ko ban tafi ko'ina ba, ina so a ce akwai shekara ɗaya da take tawa."

Ta ci gaba da tsintarta.

Washegari ya riga kowa zuwa. Ya buɗe shago kamar kullum, ya share, ya jira. Da Alhaji ya iso, Nassirou ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ciro mabuɗan daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya dube su jim kaɗan, ya karɓa ya sa a aljihun rigarsa.

"Akwai tagogin mutumin Talladjé," ya ce. "Yau nake so a gama."

Da azahar aka kawo kula. Alhaji ya shiga ɗakin ciki, ya buɗe, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba, "Nassirou!" Sai kuma ya tuna.

Nassirou ya leƙo. "Na'am, Alhaji?"

Tsohon bai taɓa jin wannan suna daga bakinsa ba. Ya ce, "Ba komai. Je ka ci abinci."

Nassirou ya fita bakin titi ya sayi dambu. Hasan ya matsa masa a benci, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarsa, ya fasa. A ɗakin ciki Alhaji ya yi loma kaɗan ya rufe kular. Nassirou bai gama nasa ba shi ma, ya miƙe ya koma kan tagogin tun lokacin hutu bai ƙare ba.