Ƙwan Ƙofar Baba Jethro

Damaris ta faɗo gidan Baba Jethro ko sallama babu, mataji a hannu, a bayanta ga amarya da rabin kai a jiƙe. Ta ce ta hango ƙwan ƙofarsa a kunne, ta kashe janareton shagonta na gyaran gashi, ta juya layi zuwa nepa, sai ta tarar ba wuta. Janareton kuma tsoho ne mai zuciya, ya ƙi sake tashi.

Kowa a layin nan na Unguwar Boro ya san aikin ƙwan. Tun da masaƙa ta rufe Baba Jethro ya dawo gida, ba a taɓa kashe ƙwan ba. Da ya kama, an kawo wuta ke nan, mai guga ya ruga, mai niƙa ya ruga. Masu wucewa ma sai sun haɗa da gaishe da ƙwan. Shi ne kaɗai muƙamin da ya rage wa tsohon, kuma yana ji da shi ƙwarai.

Sai 'yarsa Irene ta turo masu sola daga Abuja. Suka shimfiɗa faifai a rufi, suka kafa 'yar fanka da iska ke juyawa, suka haɗa duka da wutar nepa cikin wani akwati a falo. Irene ta ja kunne kada kowa ya taɓa wayoyin. Tun daga ranar wutar gidan ko ƙiftawa ba ta yi, ƙwan ya koma maƙaryaci.

Ranar da Damaris ta faɗo gidan, kafin azahar maƙwabta sun cika ƙofar. Benson mai walda, bayan ya lallaɓa janareton Damaris ya tashi, ya ba da shawarar a mai da ƙwan unguwa ƙofar shagonsa, tunda Baba ya shiga sahun manya.

"Ina raye?" in ji Baba Jethro. Abin ya yi masa ciwo. Ya yi alkawari zai riƙa kunnawa da kashewa da hannunsa daidai da nepa, aka watse.

Ya kashe ƙwan, ya jawo kujera bakin ƙofa. Sai a nan ya tuna shi kansa ba ya sanin an kawo ko an ɗauke, don akwatin yana sauya layi ba tare da ya yi ko tari ba. Ya yi ɗan nazari ya samo dabara: da zarar janareton Damaris ya yi shiru, to an kawo.

Da la'asar aka kawo wuta, mai ƙarfi kuwa, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Janaretocin layin suka ci gaba da ruri suna shan mai. Baba Jethro ya kasa kunne wajen shagon Damaris, ita kuma tana leƙowa tana duban ƙwan.

Rana ta kusa faɗuwa ta ɗaga murya daga tsallake.

"Baba, har yanzu?"

"Har yanzu, 'yata," ya ce yana girgiza kai. "Mutanen nan ba su da tausayi."