Kanta ta Huɗu, Kaset na Uku

Auta ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Kwana biyar ke nan tana zaune a shagon mahaifinta gaban tsohuwar talabijin, tana saka kaset tana cirewa, idanunta sun yi ja, kanta na sarawa. Mai ginin da Baba ke haya ya ce ranar Asabar yake son makullinsa, yau kuwa Alhamis.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana ba da hayar finafinai a wannan shago, kuma bai taɓa riƙe sunan fim ko ɗaya ba. Cewa yake sunan fim aikin masu talla ne. Shi da kantoci yake aiki, kowace kanta da irin nata. Akwai kantar finafinan da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Akwai ta waɗanda kare ya fi ubangidansa hankali, da ta maigadin da bai taɓa kama ɓarawo ba, da wata guntuwa can ƙasa ta finafinan da ake jiran baƙo har a tashi bai zo ba. Idan mutum ya shigo, Baba sai ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa hannu ba tare da ya waiwaya ba, ya zaro abin da ya dace da shi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kuma tafi da ganinsa, Auta ta ce bari ta yi abin kirki. Ta sauke kaset dubu biyu da wani abu, ta goge ƙura, ta yage takardun da ke manne a kantoci, ta jera komai bi da bi bisa harafin farko na sunansa kamar yadda ake yi a ofishinsu. Shago ya yi kyau ƙwarai. Garin gyaran gira ta rasa ido, amma ba ta sani ba sai ranar da Baba ya riƙo hannunta a gado ya ce, "Auta, kafin a kwashe kayan nan, ki ɗauko min na uku a kanta ta huɗu. Kantar waɗanda ake kawo abinci ba a ci."

Ta ce to. Kunya ta hana ta gaya masa ta riga ta rushe tsarin kantocin.

Ta nemo tsofaffin abokansa biyu, Tela da Direba, waɗanda suka rage cikin mutum shida da kan taru a shagon duk farkon wata su kalli fim guda ɗaya tak, na wani ƙaton dodon koɗi da ya cinye gidan waya. Sun kalle shi ya fi sau ɗari, sun haddace har tarin da jarumin ke yi. Ta ɗauka abin nema ya samu, ashe ƙarin ciwon kai ta gayyato.

"Wannan dai na kanta ta huɗu ne," in ji Tela, yana nuna talabijin da sandarsa. "Ga tebur, ga kwanoni, ba wanda ya ci."

"Kai, ka ji tsoron Allah," in ji Direba. "Matar ta ɗanɗani miya. Wanda aka ɗanɗana ai kanta ta bakwai yake zuwa."

"Ɗanɗano ba ci ba ne."

"Je ka gaya wa mai shagon haka, ka ga ko ba zai kore ka ba!"

Haka suka wuni. Auta na danna maɓallin gudu, mutane na tsere a allo kamar tururuwa, tana tsayawa ne kawai idan ta ga tebur. Abin ya ba ta haushi, har da Baban kansa. Wane irin mutum ne zai ƙare rayuwarsa yana lura da ko an ci abinci a fim? Yayanta ya kira sau biyu yana cewa ta bar wahalar da kanta, ta ɗauki kowanne ta kai masa, ai tsohon ba gani yake ba. Ta kusa yarda.

Da la'asar ta tattara guda tara da tsofaffin suka yi sulhu a kansu, ta ɗauki na'urar kunna kaset, ta nufi gida. Baba na jingine da matashi, fuskarsa na kallon taga duk da ba abin da take nuna masa. Ta saka na farko. Ya saurara minti ɗaya, ya girgiza kai. Na biyu ma haka. A na huɗu ya ce ta kashe.

"Me ya sa kika kawo tara? Na uku na ce."

Auta ta zauna a bakin gado. Ta gaya masa komai, har takardun da ta yage. Ta jira faɗa, don da faɗan ya zo da ta ji sauƙi. Baba ya juyo da fuskarsa gare ta.

"Ya yi kyau kuwa, shagon?" ya tambaya.

"Ya yi, Baba."

"To, madalla."

"Ka tuna min ko da labarin ne, zan nemo shi."

"Labarin banza ne. Gida, tebur, wani mai gashin baki yana ta surutu. Na fi shekara ashirin ban kunna shi da sauti ba, ban ma tabbata zan gane shi da kunne ba." Ya lalubo hannunta. "Ai ba ni zan kalla ba, ke ce. Can wajen tsakiya akwai wata mata da ke shigowa ta kwashe kwanoni. Ba ta magana, ba ta kai minti biyu ba. Yadda take tafiya, yadda take ture ƙofa da ƙafa, mahaifiyarki ce sak. Kina wata bakwai ta rasu, hoto ɗaya kika sani, shi ma a tsaye take ƙiƙam. Na ce wata rana zan nuna miki yadda take motsi, na yi ta cewa gobe."

Auta ta dubi kaset ɗin da ta kawo. Cikin kwana biyar ɗin nan ta ga mata masu kwashe kwanoni ba iyaka, dogaye da gajeru, duk ta wuce su a guje tana neman tebur. Wataƙila ta riga ta ga matar. Wataƙila tana cikin taran nan da ke kan tabarma. Shi ba zai iya nuna mata ba, ita kuma ba ta san wadda take nema ba.

Washegari da safe mai motar da aka ɗauka don ya kai kayan shagon bola ya iso. Auta ta ba shi kwatancen gidanta, ɗaki biyu a hawa na uku, ta ce ya haɗa har da talabijin. Ya dubi tulin kaset, ya dube ta, ya ce, "Duka?"

Ta ce, "Duka. Kuma a hankali, don Allah, akwai mahaifiyata a ciki."