Wayar Ƙarƙashin Kujera

Tsohuwar motar Baba ta daɗe a kan duwatsu a bayan gida, kaji har ƙwai suke yi a kujerar baya. Da Baba ya fara manta mutane, har ya kai ga kiran babban ɗansa "malam", sai ɗan ya ƙudurta tayar da ita. Ɗan mai rewaya ne, wato mai gyaran wayoyin mota, gemunsa ya yi furfura a cikin motocin mutane. Abu ɗaya yake so: tsohon ya shiga motarsa, ko Allah zai sa ya dube shi ya gane ɗansa ne.

Bakanike ya sauke mataccen injin ya ɗora wani, ya wanke hannu ya ce saura naka. To, nan ake yin ta. Wayoyin motar nan, wallahi ko gizo-gizo ba zai yarda saƙarsa ce ba. Baba bai taɓa kai ta wurin mai gyara ba. In waya ta tsinke sai ya ƙulla da ta rediyo, ya naɗe da tsumma. Ja ta shiga nan, ta fito can baƙa. Mai rewaya ya yi ta tsaki yana dariya, yana yankewa yana jan sabuwa. Akwai wadda ta fi ba shi haushi: ta taso daga makulli, maimakon ta nufi inji sai ta tafi yawon banza ƙarƙashin kujerar direba, ta bi ta wani ɗan makunni mai tsatsa, sannan ta dawo. Ya ce wannan kuma shirmen Baba ne, ya sa filaya ya datse, ya jefa a kwali.

Ranar da aka gama, ƙanwar mai rewaya ta riƙo hannun Baba suka fito. Tsohon ya shafa ƙofa, ya zauna, ya gyara madubi kamar jiya ya sauka. Bai taɓa makulli ba. Hannu ya zura ƙarƙashin kujera yana lalube. Ya laluba, ya sake lalubawa, sai fuskarsa ta canza. Ya ce wannan ba motarsa ba ce, a fitar da shi kafin mai ita ya zo.

Nan take mai rewaya ya gane. Ashe maganin ɓarayi ne: in ba a danna makunnin ba, mota ba ta tashi. Garin gwaninta ya yanke ɗan abin da ya rage wa tsohon a ka. Kunya da tausayi suka rufe shi. Ya zazzage kwalin, ya tono makunnin, ya kwanta a ƙasa da furfurarsa, ya mayar da wayar kan tsohuwar hanyarta, har da yawon banzan.

Da ƙyar ƙanwar ta lallashi Baba ya dawo. Hannu ya shiga ƙarƙashin kujera, aka ji ƙas. Ya murza makulli, inji ya ɗauka. Baba ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba a gidan. Ya yafito mai rewaya, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Malam, ka ga abin da na taɓa?"

"Na gani, Baba."

"To, ka rufa min asiri. Ko uwar yara ba ta sani ba. Ɗana kaɗai zan nuna wa, in ya girma."

Mai rewaya ya gyaɗa kai. Ya ce, "Zai ji daɗi, Baba."