Ɗigo Biyu, Safe da Yamma

"Tun yaushe kuke ɗiga mata wannan?" in ji likita, yana jujjuya 'yar kwalbar a hannunsa.

"Shekara da 'yan watanni," na ce.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Baiwar Allah, kwana bakwai fa ake rubutawa."

Inna Mai Keke na zaune a kujerar gwaji, ko yatsun da ake ɗaga mata ba ta gani. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, tela ce da ba ta yarda wani ya zura mata zare a allura. Da idonta ya yi ja yana kwantsa aka rubuta mata wani maganin ɗigawa mai jan murfi, ya kuwa yi aiki. Daga nan duk sanda jan ya dawo sai ta miƙo min kwalbar da ta ƙare ta saman katanga, ni kuma, uwar iyayi, in ruga kemis. Hannunta na rawa, don haka ni ke buɗe mata ido in ɗiga.

Wata rana mai jan murfin ya yanke a kasuwa, mai kemis ya ba ni mai farin murfi na wani kamfani, ya ce duk abu ɗaya ne.

"Farin nan ne ya cuce ni," in ji Inna daga kujerar gwajin.

Likita ya ja ni gefe. "Ja da fari duk ɗaya ne. Magani biyu ke ciki, mai kashe ƙwayar cuta da mai kwantar da kumburi. Na biyun ne in aka daɗe a kansa yake kashe jijiyar ido. Ba ta dawowa."

Ban gaya mata ba. Tsoro ne ya hana ni, ba tausayi ba. Ta yi ta tsine wa mai kemis, ina share mata ɗaki ina cewa Allah ya kyauta.

Bayan wata biyu ta rasa matakalar banɗaki ta faɗi, ƙugu ya karye. Tun daga nan ba ta sake tashi ba. Abinci ma sai cokali biyu, ta kau da kai.

Ranar wata Talata da hantsi ina goge mata fuska, ta fara: "Mai kemis ɗin nan, ni da shi sai a gaban Allah."

Na kasa daurewa. "Inna, ba shi ba ne. Yawan ɗigawar ne. Da hannuna na yi miki."

Ta juyo da fuska wajen muryata.

"Ke 'yar nan, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Na ji likita sarai."

"To me ya sa kike zagin bawan Allah?"

"Dole in zagi wani. Shi yana can bakin titi, ba ya ji. Ke kuwa in na zage ki, wa zai juya ni?" Ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe. "Ni na aike ki. Bar kukan nan, kina jiƙa min zane."

Kafin azahar Inna ta cika. Ba kowa a ɗakin sai ni, ni na rufe mata ido. Na dama ya rufu nan take. Na hagu ya ɗan sake buɗewa, sai na ɗora babban yatsana a kai, na zauna a bakin gadon ina jira.